Motar Tsere a Legas: Abin da Ake Fara Gyarawa, da Inda Doka Ta Ja Layi

A farkon 2025 gwamnatin jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a wasu manyan tituna. An ƙayyade kilomita 80 a awa a Alapere, 60 a titin Mobolaji Bank Anthony da ke Ikeja, da tarar naira 50,000 ga wanda ya zarce. A daidai wannan lokaci 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi kan takardar inshora. Tun daga nan masu sha'awar mota mai gudu, har da samarinmu na Agege, Idi-Araba da Obalende da ke tara kuɗi su sayi tsohuwar BMW ko Lexus, suke ta tambayar juna. An haramta ƙara wa mota ƙarfi ne? Wanda ya sauya salansa ya taka doka? Sannan ga tambayar da ta fi cin aljihu: me ya sa gyaran da ya zauna lafiya a motocin Turai da Amurka, in an yi shi a nan, sai inji ya buga cikin 'yan watanni?

Amsar tambayar ƙarshe tana cikin fetur da zafin Legas. Amsar sauran tana cikin bambancin titi da filin da aka killace.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Kula da mota daban, ƙara mata kaya daban. Kula ita ce mayar da ita yadda kamfani ya ƙera ta: birki mai kamawa, lagireto mai tsabta, ƙafafu marasa kaɗawa. Ƙari kuwa shi ne ɗora mata abin da ba ta zo da shi ba. Yawancin motocin da ake wasa da su a nan tokunbo ne da suka haura shekara 10, don haka abin da mai mota ke kira ƙari, sau da yawa ɗora kaya ne a kan jakin da bai warke ba.

Shi ma tseren ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da abin da yake ci. Zagayen fili da agogo yana cin birki da taya. Tseren miƙe na mita 402 yana cin kuloci, giya da aksul. Wasan zamiya, wanda samari ke kira dirift, yana cinye tayoyin baya, yana kuma dafa inji domin motar na ihu alhali iska ba ta bugun lagireto kai tsaye. Tseren hanyar burji yana karya shokazoba da ƙasan mota. Wanda bai tsai da irin wasan da zai shiga ba, bai san kayan da zai saya ba.

Sai kalmar nokin. A bakin makanikai, in aka ce inji ya yi nokin ana nufin ya buga, metal ɗin da sandar inji ke juyawa a kansa ya narke, sai an sauke shi. A wajen masu saita kwamfutar mota kuwa, nokin wani abu ne da ke faruwa tun inji na da ransa: fashewar fetur ba a kan lokaci ba a cikin silinda. Na biyun ne ke haifar da na farkon a motocin da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa.

## Lamba 91 da ke yaudarar mutane

Oktan ma'aunin juriyar fetur ne, wato yawan matsi da zafin da zai iya ɗauka kafin ya kama da kansa. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ta bazu a tsanake ta tura fistin ƙasa. Idan fetur ya gaza, ragowar da ke gefen silinda sai ya fashe tun wutar ba ta iso ba. Bugun yana sauka a kan fistin kamar guduma. In ya yawaita, gefen da ke riƙe ringi ya tsage, ko gasket ya ƙone, ko metal ya daku.

Matsalar ita ce duniya ba ta auna oktan da mudu ɗaya. Najeriya da Turai suna amfani da ma'aunin RON. Amurka da Kanada suna rubuta wata lamba ce daban, wadda ke ƙasa da RON da kamar 4 zuwa 5. Fetur ɗin da Ba'amurke ke kira 87 shi ne kusan RON 91, nasa 91 kusan RON 95 ne, 93 kuma kusan 98. Namu na gidajen mai yana wajajen RON 91, kuma a yawancin wurare iri ɗaya ne tak, ba zaɓi. To mutum ya sayi motar da ta fito daga Amurka, ya ga an rubuta 91 a murfin tanki, ya ji an ce fetur ɗinmu 91 ne, sai ya ɗauka an dace. Alhali motar 95 take nema.

Abin da ke rufa asiri shi ne kamfani ya bar rata. Akwai sensa a jikin inji da ke sauraron nokin. Da ta ji, kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, sai ta jinkirta wutar fulogi. Mota ta rage ƙarfi, ta ƙara shan mai, amma ta rayu. Saitin ƙara ƙarfi da ake saye ta intanet a zuba wa mota galibi an rubuta shi ne don RON 95 ko 98 da iskar ƙasashe masu sanyi. Wannan ratar yake cinyewa ya ba da ƙarfi. A Legas, inda rana ke kai digiri 32 zuwa 34 tsakanin Fabrairu da Afrilu, iskar da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ke turawa ta riga ta yi zafi, ga fetur mai ƙarancin juriya, ba sauran wurin ja da baya.

Don haka saitin da ya dace shi ne wanda aka yi a kan fetur ɗin da motar za ta sha. Ana jona na'urar sikanin, a taka mota a giya ta 3 ko ta 4 a wurin da aka killace ko a kan injin gwaji, a duba abu uku: zafin iskar da ke shiga, yawan fetur a cikin cakuɗen, da digirin da kwamfuta ke janye wuta. Janyewar digiri 1 ko 2 jefi-jefi ba abin damuwa ba ce. In ta zauna a 4 ko 5 a silinda da yawa, saitin ya fi ƙarfin fetur, sai a rage matsin turbo. A gwada da rana tsaka, bayan mota ta yi zafi sosai, don gwajin asuba yana ɓoye laifi. Ana kuma sa fulogi mai mataki ɗaya na sanyi, wato wanda ya ɗan fi saurin zubar da zafi, a matse bakinsa zuwa wajen milimita 0.6 ko 0.7.

Kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa suna da nasu wayon. In an rubuta cewa kwalba tana ƙara maki 5, yawanci kashi 5 cikin 10 na lamba ɗaya ake nufi, wato daga 91 zuwa 91.5. Masu ƙarfin cikinsu kuma suna barin jan ƙura a fulogi da sensa. Ingancin fetur ɗin kansa ma ba kullum yake ɗaya ba. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ya lalata motoci a Legas da Abuja. Mai motar wasa ya riƙe gidan mai ɗaya da ya amince da shi, ya riƙa sauya matatar fetur a kan kari.

## Zafi, da rigimar cire tamostat

Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin makanikan gareji da masu bin littafin kamfani. Hujjar makanikai ita ce tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, kayan ƙasar sanyi ne, in ya maƙale a rufe cikin cunkoson Oshodi ko Apapa inji ya ƙone, ga jabu sun cika kasuwa. Sai su cire shi su haɗa fanka kai tsaye da makulli. Maganar maƙalewa da ta jabu gaskiya ce, kuma direbobi da yawa sun yi asara a kanta.

Ɗaya ɓangaren na cewa an ƙera inji ne ya yi aiki tsakanin digiri 85 da 100 ko sama kaɗan. In ruwa bai kai nan ba, kwamfuta na ɗauka inji bai ɗumama ba, ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke baƙin mai daga bangon silinda. Abin da ya fi muhimmanci ga mai tsere shi ne, a injuna da yawa tamostat aiki biyu yake yi. Yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani kaso na ruwan yana zagayawa bai taɓa shiga lagireto ba. A yawon gari ba za a lura ba. A zagaye na huɗu a fili allura za ta tashi. A wannan gaɓar hujjar masu littafi ta fi nauyi: a sa tamostat na asali, a mayar da fanka hannun kwamfuta.

Ruwan lagireto shi ma ba na rijiya ko na leda ba ne, domin gishirinsa na toshe ƙananan bututu. Ana haɗa ruwan da aka tace ta tururi da sinadarin lagireto. Rabi da rabi shi ne ƙa'ida, amma tunda ruwa ba ya daskarewa a Legas, kashi 35 zuwa 40 na sinadari ya wadatar, kuma ya fi kwashe zafi. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai babban aiki. Matsin da yake riƙewa, kusan 1 a ma'aunin bar a motoci da yawa, shi ke ɗaga tafasar ruwa daga wajen digiri 107 zuwa sama da 120. Murfin da robarsa ta mutu yana sa lafiyayyar mota ta yi aman ruwa. Masu BMW ƙirar E36 da E46 su sani tankin ruwa na roba, wuyan lagireto da famfon ruwa sanannun wuraren rauni ne. A sauya su gaba ɗaya kafin ranar farko, a fitar da iska daga layin bayan an cika.

Baƙin mai kuwa a bi kaurin da kamfani ya rubuta, a sayi na haɗin sinadari zalla daga dila da aka sani. A cika shi zuwa layin sama, kar a wuce. A kwana mai tsawo man yana tattaruwa gefe ɗaya a cikin kasko, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa 2 ko 3, kuma wannan kaɗai ya isa ya cinye metal. Maganinsa faranti ne da ake walda a cikin kaskon don tare man. Agogon zafin baƙin mai ya fi kowane ado amfani: 90 zuwa 120 lafiya, in ya haura 130 a sassauta a yi zagaye ɗaya a hankali. Ana juye man bayan fita fili 2 ko 3, ko da kilomita ba ta cika ba. Motar da giyarta otomatik ce, kamar yawancin tokunbo, tana bukatar ƙaramin lagireto na man giya.

## Birki

In gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da birki ke kashewa yana ninkuwa ne sau 4. Motar da ke kan 160 tana ɗauke da ninki 4 na abin da take ɗauke da shi a kan 80. Mota mai nauyin kilo 1,500 in ta sauko daga 160 zuwa 60, zafin da ke shiga birkinta ya isa ya kai lita 4 na ruwa ga tafasa. A fili ana yin haka sau da yawa cikin kowane minti 2.

Birki na mutuwa ta hanya biyu, kuma ƙafar direba ce ke bambancewa. In feda ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa, tururi kuma matsuwa yake yi ba ya tura komai. In feda na nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, fad ne, wato takalmin da ke matse faifan birki, ya wuce zafin da zai iya.

Man birki yana shan danshi daga iska, kuma Legas gari ne na laima. Sabon mai ajin DOT 3, kamar yadda ake rubutawa a kwalba, yana tafasa a digiri 205, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100 sai ya dawo 140. DOT 4 yana saukowa daga 230 zuwa 155, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Na tsere yana haura 300 yana sabo. DOT 5 wani jinsi ne daban na silikon, ba a haɗa shi da sauran, kar kamannin suna ya ruɗi mai saye. Motar da ta shekara 4 ana yi mata ciko kawai, man da ke cikinta ya riga ya zama na lambar ƙasa. Juyewa gaba ɗaya na cin kusan lita 1. A yawancin motoci masu sitiyari a hagu ana farawa daga tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu, ana kula kar kofin masta ya ƙafe. A buɗe sabuwar kwalba, domin wadda ta kwana a buɗe ta riga ta sha iska. Mai zuwa fili ya maimaita duk wata 6.

Kar a shiga fili da fad da ya ci fiye da rabi, don siririn fad yana miƙa zafi kai tsaye ga mai. Sabon fad kuma sai an zaunar da shi: a taka daga 100 zuwa 20 sau 8 ko 10 a jere ba tare da tsayawa cik ba, sannan a yi tafiyar minti 10 ya huce. Kowane faifan birki an buga masa iyakar kaurinsa a jiki, a auna. Faifai mai huji-huji yana da kyan gani amma yakan tsage daga bakin hujin. Bayan an fito daga fili kar a ja birkin hannu, fad zai manne a faifai mai zafi ya bar tabo, sitiyari ya riƙa rawa.

Manyan kalifa masu launi, wato gidan da ke riƙe fad, suna ƙara juriyar zafi, amma ba su ke rage tazarar tsayawa ba. In birkin kamfani na iya kai taya ga kullewa, to iyakar tana wajen taya.

## Taya da ƙafafu

A gefen kowace taya akwai lamba 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara 4 a matsayin wa'adi, kuma tsofaffin tayoyi na cikin kayan da aka hana shigowa da su, duk da sun cika kasuwa. Zanen taya na iya zama da saura alhali robar ta bushe. Harafin da ke ƙarshen lambar girman taya kuma iyakar gudu ne, da kilomita a awa: H 210, V 240, W 270, Y 300.

Masu faci sun saba bugawa har 45 ko 50 a geji. A fili iska na ƙaruwa da 4 zuwa 8 saboda zafi, don haka a fara ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta a jikin ƙofa, a auna da zarar an fito, a nemi 32 zuwa 36 tana da zafi. Notin taya ana ɗaure shi da sifana mai awo, yawanci tsakanin 110 da 140 a ma'aunin Nm, ba da tsalle a kan ƙarfe ba.

A ƙafafu, sabon bushin, boljoyin, tayarod da boris, tare da alaimen mai kyau, sun fi shokazoba mai tsada da aka ɗaura a kan ruɓaɓɓun robobi. Karkatar da saman tayoyin gaba ciki da digiri 1.5 zuwa 2.5 yana hana gefen taya cinyewa a kwana. Yanke sifirin don mota ta zauna ƙasa kuskure ne, shokazoba zai riƙa dukan ƙarshe, mota ta yi tsalle a tsakiyar kwana. Masu E46 su leƙa wurin da aksul na baya ya kama bodi, yana tsagewa, kuma dirift na hanzarta shi.

## Ƙarin ƙarfi: a fara da shi ko a ƙare da shi?

Masu cewa a fara da ƙarfi suna da lissafinsu. A mota mai turbo, saitin kwamfuta kaɗai, wanda ake kira mataki na 1, yana iya ƙara kashi 15 zuwa 30 cikin 100, da kuɗin da bai kai na tayoyi 4 masu kyau ba. A tseren miƙe kuma ƙarfi ne ke magana. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tsada a kasuwar kayan mota ta Ladipo, wannan hujja ta ƙara karɓuwa.

Masu cewa a ƙare da shi suna nuna cewa kowane ƙarin doki ƙarin zafi ne ga lagireto, ƙarin nauyi ga kuloci, ƙarin gudu a bakin kwana da birki zai kashe. Sabon direba kuma ya fi samun daƙiƙoƙi daga koyon layi da taka birki fiye da daga inji. A injin da ba turbo, kamar na Lexus IS250 ko BMW 325i, saiti da salansa ba sa ba da abin kirki, ƙara ce ke yawa.

Dukansu sun yarda a kan abu ɗaya: kafin a taɓa kwamfuta a auna matsin kowace silinda. In bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin 100, injin gyara yake jira. Mataki na 2, da ke haɗawa da faɗaɗa bututun hayaƙi da babban intakula mai sanyaya iskar turbo, a yanayinmu intakular ce ta fi cancanta a fara saye, domin sanyaya iska na rage nokin ko ba a ƙara matsi ba. Akwai kuma wani gyara da ya zama garin neman ƙiba a samo rama: matatar iska da ake saukarwa ƙasa kusa da bamba don ta sha sanyi. A daminar Yuni da Yuli, lokacin da titunan Lekki da Victoria Island ke cika, inji na zuƙar ruwa ta nan, ruwa kuma ba ya matsuwa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

## Kayan kare rai

Hular kwano ta ɗan acaba ba ta wannan aiki ba ce. Ana neman mai tambarin Snell, gidauniyar gwajin hular kwano, ko na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. Kejin ƙarfe, kujerar tsere da bel mai madauri da yawa tafiyarsu ɗaya, ba a ɗaukar ɗaya a bar biyu. Bel ɗin tsere yana riƙe direba a miƙe, in mota ta kife babu keji rufi a kansa zai sauka. Keji kuma in babu hula, ƙarfe ne a gefen kai. Ƙa'idar FIA ta nemi babban bakan keji na bututun da ba shi da ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da 2.0. Bututun ruwa da mai walda ya lanƙwasa ba keji ba ne. A ɗaure batir da ƙarfe, a kafe tukunyar kashe gobara mai kilo 2 inda hannu zai kai, a kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota.

## Abin da doka ta ce

Kyamarorin ba su kawo sabon haramci a kan gyara ba, gudu suke kamawa. Iyakokin ma tsofaffi ne: ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu, sai inda allo ya nuna ƙasa da haka. Tsere ko zamiya a titin jama'a tuƙin ganganci ne, ko da ƙarfe 2 na dare ne, ko a ayarin biki.

Inda gyara ke karo da doka shi ne wajen takardar lafiyar mota. A Legas ana kai mota cibiyar gwaji ta kwamfuta a duba birki, fitilu, ƙafafu da hayaƙi. Motar da aka cire wa matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana iya faɗuwa a nan. Sauya inji ko launi abu ne da ake sanar da ofishin lasisi domin takardu su dace da mota. Ƙarar salansa a unguwa kuma hurumin hukumar kare muhalli ta jiha ne. Wasu gyare-gyaren, ko ba a kama mutum ba, haɗari ne a titi: aksul da aka yi wa walda don dirift yana juyar da mota a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, fad na tsere zalla kuma ba ya kamawa sai ya yi zafi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke ware motar fili daban su ɗauko ta a kan babbar mota, ko da yake masu ƙaramin ƙarfi na cewa wannan ya mayar da wasan na masu kuɗi kaɗai.

Inshorar dole, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Amma takardun inshorar mota sun saba cire tsere da gwajin gudu daga abin da suke ɗauka. Wanda ya bugi motar wani yana tsere, daga aljihunsa zai biya. Mai cikakkiyar inshora da ya ƙara ƙarfi bai sanar ba, kamfani na iya ƙin biyansa ko a haɗarin da ba na tsere ba.

Masu wasan suna da ƙorafin da ya kamata a ji. Legas ba ta da tabbataccen filin tseren mota, sai filayen da ake aro a killace na kwana ɗaya, ko a yi doguwar tafiya zuwa filin Evbuobanosa a jihar Edo. A ganinsu rashin wuri ne ke tura yara titi. Hukumomi kuma na cewa rashin fili ba ya halatta sa ran mai tafiya a ƙasa cikin haɗari. Duk taron da za a shiga, a tambaya ko akwai izini, shinge tsakanin mota da 'yan kallo, motar asibiti, da binciken motoci kafin a fara.

## Yadda abin ke shafar wanda ba ruwansa da tsere

Mazauna unguwa su ke kwana da ƙarar salansa, su ke shaƙar hayaƙin motar da aka cire wa indomi. Makanikai, masu waya da masu walda kuwa kasuwa ce ta buɗe musu, amma ta wanda ya iya karanta na'urar sikanin da aiki da sifana mai awo.

Wanda abin ya fi shafa a ɓoye shi ne mai sayen mota ta hannu. Motar da ta gaji da fili sau da yawa ana mayar mata da kayanta na asali, a wanke, a kai kasuwar motoci ta Berger ko a ɗora hotonta a intanet. Akwai alamun da ke tona ta: faifan birki da ya yi shuɗi ko ya yi ƙananan tsage, fentin kalifa da ya ƙone, dunƙulen narkakkiyar roba a cikin marfin tayoyin baya, hujin da aka toshe a ƙasan kafet inda keji ko bel ya zauna. In aka juya sitiyari gaba ɗaya aka tafi a hankali tayar baya ta ciki tana tsalle tana ƙara, an taɓa aksul. Kafin a biya, a sa mai na'ura ya duba ko an sake rubuta kwamfuta, a auna matsin silinda, a kuma leƙa ƙarƙashi a tabbatar indomi na nan ba fanko aka mayar ba.